Sawun Masu Turi

Motar unguwa ta ƙi tashi a ranar da aka fi bukatarta. Tsohuwar mota ce mai shan dizal, mutanen layin suka haɗa hannu suka saya, aka cire kujerun baya aka shimfiɗa katifa don kai marar lafiya asibiti. Da asubar wata rana mai sanyi naƙuda ta kama matar Tela. Aka buga wa Direba ƙofa, ya zo da takalmi ƙafa ɗaya ya murɗa makulli. Injin ya yi ta gurnani, salansa na aman farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, har batir ya mutu murus. Turi ma bai yiwu ba, don rumfar motar a kwari take, hanyar fita kuwa hawa ce. A kan babur aka kai matar, a matse tsakanin mijinta da mai babur. Ta sauka lafiya ita da jaririyarta, amma ta zubar da jini da yawa, likita ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da wani labarin ake yi.

Kafin rana ta take unguwa ta riga ta yanke hukunci, kamar yadda ta saba. Bakanike ne ya gyara motar kwanan baya, shi ya ce ya sa mata sababbin fulogogin hita, masu ɗumama inji kafin a tayar. Tela, wanda shi ne shugaban ƙungiyar unguwa, ya ɗauko wani makanike daga can ƙetaren titi ya kwance su, sai ga tsofaffi guda huɗu baƙi ƙirin. Shi ke nan, aka ce Bakanike ya cinye sababbi ya mayar da matattu. Tela ya zube masa su a kan teburin aiki, ya ce filin da ƙungiya ta ba shi aro ya kafa gareji, ya kwashe komatsansa daga kai kafin ƙarshen mako.

* * *

Baba Sawu yana zaune a barandarsa lokacin da 'yarsa Auta, matar Bakanike, ta shigo. Tsohon mai bin sawu ne, ya yi ƙuruciyarsa yana bin shanun sata a daji har ya tarar da su a inda aka ɓoye su. Yanzu gwiwa ta zaunar da shi. A gefensa kan benci abokinsa Mai burodi ne, ɗan gajeren dattijo mai yawan dariya, wanda kullum da yamma yake kawo masa burodin da ya karye a hanya su ci da shayi. Tun suna samari suke wannan zama.

"Baba, ka ji abin da ake faɗa a kan mijina?" in ji Auta.

"Gwiwata ce ta mutu, ba kunnena ba."

"To, ba shi ba ne."

"Ke kika riƙe masa fitila?"

"Ni na ga yawon da ya sha kafin ya samo fulogogin nan. Sai da ƙafarsa ta kumbura na gasa masa. In aka kore shi da sunan ɓarawo, wa zai sake kawo masa ko keke? A ina za mu sa kanmu da yara?"

Gaskiyar magana, Baba Sawu bai taɓa son surukin nan nasa ba. Ba wani laifi ya yi masa ba. Mutum ne dai marar magana, gaisuwarsa guntuwa, farcensa kuma baƙi ko ranar ɗaurin aure. Shi Baba ya so Autarsa ta auri mai zama a kujera, ba mai kwana ƙarƙashin mota ba. Shekara da shekaru bai taɓa cewa ya zauna su ci abinci tare ba.

"Ni sawun dabba na sani," ya ce. "Ƙarfe ba ya taka ƙasa."

"Wanda ya taɓa ƙarfen ai yana takawa, Baba."

Mai burodi ya ajiye kofinsa. "A dai bi a hankali, kada a zalunci yaron nan," ya faɗa yana kallon ƙasa. Baba Sawu ya ga idon 'yarsa ya kawo ruwa, abin da bai taɓa iya jurewa ba tun tana goye. Ya yi tsaki, ya ce a miƙo masa sandarsa.

* * *

Garejin shiru, ko babur ba a kawo ba. Bakanike ya taso da sauri ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya share masa wata tsohuwar kujerar mota.

"Bar gaisuwar. Nuna mini abin da ake rigima a kai."

Bakanike ya ɗauko ɗaya daga fulogogin da Tela ya zube masa. Ɗan ƙarfe ne siriri kamar alƙalami, da zare a tsakiya da ɗan tsini a ƙasa. "Baba, injin dizal ba shi da tartsatsi irin na fetur. Matsi da zafi ne ke kunna man. In gari ya yi sanyi ƙarfen injin sai ya shanye zafin, mai ya shiga ya fita ɗanye, shi ne farin hayaƙin nan. Aikin wannan ya ɗumama ciki kafin a tayar. In kun murɗa makulli rabi, wata fitila mai kamar naɗaɗɗiyar waya za ta kama a gaban direba. Sai an jira ta mutu sannan a tayar. Wanda bai jira ba, ko sababbi ne a ciki, tari motar za ta yi ta yi."

"Da rana fa?"

"Da rana ko matattu ne za ta tashi, tunda gari ya yi zafi. Shi ya sa ciwon yake ɓuya."

Ya jawo batir, ya maƙala wa fulogin waya ɗaya a jiki, ya taɓa ɗayar a kansa. Suka jira, tsinin bai ko canja launi ba. Haka na biyu, haka na uku. Na huɗun ne ya ɗan yi ja a tsakiya kamar garwashin da ya kwana. Bakanike ya ce mai lafiya daga tsini yake fara ja, nan da nan, har ido ya ƙi kallonsa. Ya ce ranar da ya duba motar unguwa sai da ya fara da fis da wayar da ke kai musu wuta, ya ga lafiyarsu lau, sannan ya bi fulogogin ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ya cire ga su can a gwangwani.

"Ka nuna wa Tela?"

"Na nuna. Ya ce kowane makanike yana da gwangwanin tsofaffi."

"Ya yi gaskiya," in ji Baba Sawu. Ya karɓi fulogin ya fita da shi hasken rana, ya yi ta juya shi kamar mai duba kofaton saniya. Kafaɗar ƙarfen, wurin da sifana ke kamawa, duk ta ci cizo, gefe ɗaya ya goge har yana ƙyalli. Haka sauran ukun suke. "Wannan fa, haƙoran wa?"

"Ba nawa ba, Baba. Ni da sifana mai zurfin baki nake yi, wadda ke rufe kan ruf. Sai na ɗumama injin, na zuba mai ya jiƙa, don kada ya karye a ciki. Kuma ba na ɗaura fulogi sai na shafa wa zarensa wani jan giris, na fara murɗawa da yatsa. Ku duba waɗannan, zarensu a bushe yake. Wanda ya ɗaura su buɗaɗɗiyar sifana ya sa, wadda ta yi musu yawa."

Baba Sawu bai ce ya yarda ba, amma ya ji tsohon ƙaiƙayin nan na farauta ya motsa masa a ƙirji. In sababbin sun fita daga motar unguwa, ai wata motar suka shiga. Ya tambaya motoci nawa ne a nan kusa masu irin wannan injin.

"Uku ne. Ta unguwa, da ta Mai bulo, sai ta abokinku Mai burodi. Fulogogin sun yi wuya, saiti ɗaya tak na samu. Mai bulo ya so in ba shi, na ce na marasa lafiya ne, har ya zage ni."

"Cire ta abokina," Baba ya ce yana dariya. "Waccan akwalar ai da bayana take tashi. Tun da sanyi ya shigo muke tura ta a gangare."

* * *

A rumfar motar jama'ar asuba sun tattake ƙasa kamar an yi kasuwa. Baba Sawu bai ɓata lokaci a tsakiya ba, ya bi gefe-gefe, inda ƙafar mai gaggawa ba ta zuwa. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa ƙalau, ba a fasa ba. Kusa da tayar gaba ya ga shatin bulo a ƙasa, ya nutse sosai, an ɗan ja shi gaba an sake ajiyewa. Wani ya tsaya a kai ya daɗe yana aiki. Bakanike dogo ne, haka ma makaniken da Tela ya kawo, ba mai bukatar bulo a cikinsu.

Direba yana tsaye a bakin ƙofa yana wasa da makullin da ke wuyansa. Shi kuwa gajere ne.

"Ƙungiya ta ce ka riƙa ɗumama motar nan kowace safiya, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba Sawu. Ban taɓa fashi ba. Tun da aka yi gyaran nan take wahalar tashi, kawai dai ban so in tona wa mutum asiri ba ne."

"Allah sarki, mai rufin asiri. Zo ka leƙa nan."

Baba ya nuna ƙarƙashin injin da sandarsa. Kaza ta tona rami ta jera ƙwai a ciki, sun kusa cika tafin hannu biyu, ga gashinta ko'ina.

"Wannan kazar kurma ce? Kullum kana tayar da inji a kanta, ita kuma tana ta zuba ƙwai?"

Daga ƙarshe Direba ya ce tun ranar gyaran bai leƙo da safe ba, sai fita biyu da aka yi da rana. Babur ɗin ƙanensa yake ɗauka ya ɗan yi jigilar masu zuwa aiki. Ya yi ƙaryar ne don kada Tela ya karɓe makullin. Baba ya ce ya buɗe murfin injin ya nuna masa inda fulogogin suke. Direba ya yi ta lalube, ya ɗora yatsa a kan bututun mai. Baba ya kalli tafin hannunsa, sumul kamar na jariri. Maƙaryaci ne, babu shakka, amma rago ne, kuma rago ba ya tsayawa a kan bulo ya kwance fulogi huɗu.

"Makullin rumfar nan nawa ne?"

"Biyu. Nawa, da wanda ƙungiya ta ba ku ajiya, na kan ƙusa a barandarku."

Wannan bai yi wa Baba daɗi ba. Amma barandarsa ai hanyar kowa ce, duk mai wucewa sai ya tsaya gaisuwa, har Mai bulo da bakinsa ba ya shiru. Mai bulo gajeren mutum ne, mai irin injin, mai jin haushi, ga kuma bulo. Ya koma gida yana ganin ya gama aiki.

* * *

Washegari tun gari bai gama wayewa ba ya isa filin Mai bulo, don ya kama motar da sanyinta. Tun daga nesa ya jiyo zagi. Mai bulo yana kan taya da butar ruwan zafi a hannu, yana kwarara wa injin yana tsine masa, matarsa na miƙo wata butar. Ya sauko ya murɗa makulli, motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta turnuƙe filin da farin hayaƙi, sannan ta kama da ƙyar tana rawar sanyi.

"A'a, Baba Sawu! Ka zo ka kama ɓarawo ne? Ga ni nan, kama ni, ka huta da ni in huta da wannan jakar!"

"Shayi na ga kana ba ta, na ce ko da saura."

"Surukinka ne ya ja mini. Da ya ba ni fulogogin nan da yanzu ina barci. Amma in gaya maka gaskiya, ban yarda ya ci amana ba. Mutumin da ya hana ni abu ido da ido saboda marasa lafiya, ba zai koma ya sace shi a ɓoye ba."

Baba ya tsuguna ya duba ƙarƙashin motar. Ƙasar wurin ta zama taɓo, na yau a kan na jiya, na jiya a kan busasshen na makon jiya, ba rana ɗaya da aka tsallake. Mai sababbin fulogogi ba zai riƙa tashin matarsa dafa ruwa kullum don wasan kwaikwayo ba. Ya miƙe ya yi sallama, yana jin kunyar zargin da ya yi.

* * *

A hanyar gida ne ya lura da cewa ya tsuguna ya miƙe ba tare da ya dafa ƙugu ba. Bayansa, wanda tun shigowar sanyi yake hana shi sakat, ya yi kwanaki bai yi masa ciwo ba. Ya ɗauka man zafin da Auta ta kawo ne ya yi aiki. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya yana tambayar kansa, yaushe rabon da a ƙwanƙwasa masa taga da asuba a ce ya fito turi?

Ya ƙarasa kan gangaren da ke bayan gidansa, inda Mai burodi ya saba kwana da motarsa hanci ƙasa. Wurin nan Baba ya san shi kamar tafin hannunsa. Kullum da safe akan bar sawu a jere, yatsun ƙafa sun nutse, dugadugai a sama, irin sawun mutanen da suka sa ƙarfi, kuma nasa mai jan ƙafar hagu yana gefen dama. Yau babu ko ɗaya. Sawun awaki ne da na 'yan makaranta a kan ƙasa mai laushi, tsohon sawun turin ya shafe har ciyawa ta fara leƙowa. Ya bi layin zuwa ƙofar gidan abokinsa. A can ya ga sawun taya a fili shimfiɗaɗɗe, an faka hanci na kallon bango, kwana bayan kwana. Ba mai ajiye mota haka sai wanda ya tabbata za ta tashi da kanta.

Duk rayuwarsa sawun da ke ƙasa yake bi, bai taɓa zaton wanda babu ne zai kai shi ba, balle a ce nasa ne. Ya shiga baranda ya dubi ƙusa. Makullin yana nan, amma yanar gizo-gizon da ta daɗe da ɗaure shi da bango ta tsinke, kuma akwai ɗan baƙin mai a jikin igiyar. Baba Sawu ya zauna a kan benci, ya ji baƙin ciki ya danne shi irin wanda rabonsa da shi tun rasuwar uwar Auta.

* * *

Da yamma Mai burodi ya zo da ledarsa kamar kullum. Baba ya zuba shayi kofi biyu.

"Bayana ya gode maka, ya sami hutu," ya ce.

"Af, ai batir na sauya," in ji Mai burodi, ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba.

"Batir ba ya ɗumama inji. Jiya aka koya mini."

Wani mai keke ya wuce ya gaishe su, suka amsa tare. Baba ya miƙe ya cire makullin daga ƙusa a gaban idon abokinsa, ya jefa a aljihu.

"Na sa Tela ya tara mutane gobe da asuba a ƙofar rumfa. Za a tura motarka da ta Mai bulo zuwa can, ba wanda zai tayar da tasa sai a gaban jama'a. Da a ce ka mayar da su a ɓoye zai wanke yaron nan, wallahi da na bar maka makullin. Amma ba zai wanke shi ba. Mutane sun ji laifin a fili, a fili za su ji gaskiya."

Mai burodi ya tashi ya tafi bai taɓa shayinsa ba, ya bar ledar burodin a kan benci.

* * *

Sanyin safiyar ya fi na ranar naƙudar. Mutane suka taru hannu a hammata, Tela a gaba fuska a murtuke, Bakanike can gefe da akwatin kayan aikinsa, Auta a bayansa. Baba Sawu ya yi bayani a taƙaice: cizon sifana, shatin bulo, da ƙwan kaza, wanda ya sa aka yi wa Direba dariya har ya sunkuyar da kai. Ya ce sababbin fulogogin suna cikin ɗaya daga motocin nan biyu, kuma sanyi ne zai yi shaida.

Mai bulo ya fara, ba tare da butarsa ba. Motar ta yi ta gurnani da hayaƙi har ya fito yana zaginta da iyayenta.

Sai Mai burodi ya shiga tasa. Baba ya matsa kusa da taga, idonsa a kan hannun abokinsa. Ya san akwai ƙofar tsira. In mutumin ya murɗa makulli gaba ɗaya bai jira ba, motar za ta yi tari kamar ta Mai bulo, jama'a su watse, Bakanike ya kwashe kayansa. Mai burodi ma ya san da haka. Ya murɗa rabi, 'yar fitilar mai kamar naɗaɗɗiyar waya ta kama. Ya ɗago ya kalli Baba, sannan ya kalli Auta, ya ajiye hannun a cinya ya jira. Fitilar ta mutu. Ya murɗa, injin ya kama bugu ɗaya, lafiyayye, ko ɗigon hayaƙi babu.

Bakanike ya bar injin ya ɗan yi ɗumi, ya kashe, ya buɗe murfi ya kwance fulogi ɗaya a hankali. Kafaɗarsa ta ci cizo iri ɗaya da na matattun, a zarensa kuma ga ragowar jan giris. Ya taɓa shi a batir, tsinin ya yi jawur nan take.

"Aro na yi," in ji Mai burodi. "Mai gidan burodi ya ce in na sake makara zai ba wani yaro mai keken kaya layina. Ni a shekaruna wa zai ɗauke ni? Na sa a nemo mini nawa, na ce kafin su zo ba wanda zai sani, tunda motar ba ta cika fita da asuba ba. Da tsakar rana na shiga na kulle kaina a ciki."

"Aro?" Tela ya ce a hankali, abin da ya fi ihu ban tsoro. "Ran matata ka ara, dattijo. Kuma da ka ga an kama wani, ka zauna kana shan shayi."

Tela ya juya wajen Bakanike ya cire hularsa a gaban kowa, ya ce ya zalunce shi, garejinsa yana nan, kuma duk wanda ya ji zargin daga bakinsa ya ji wankewar daga bakinsa. Maganar Mai burodi aka bar wa zaman ƙungiya. Bakanike bai ce komai ba sai "ba komai". Ya kwance sauran ukun, ya shafa musu giris, ya ɗaura a motar unguwa da yatsa sannan da sifana, aka sa batir mai caji. Direba ya jira fitila ta mutu kamar ɗalibin kirki, motar ta tashi, kaza ta fito a guje daga ƙarƙashi tana kuka. Matattun huɗu kuwa suka koma motar Mai burodi, inda suka fito.

* * *

Asubar da ta biyo baya Baba Sawu yana kwance ya jiyo gurnanin inji daga kan gangare. Aka murɗa, aka sake murɗawa, ƙarar tana ƙara rauni. Ba a ƙwanƙwasa masa taga ba, kuma bai ji ƙofar kowa ta buɗe ba a duk layin. Ya ja bargo ya rufe kai, ya ce a ransa ai shi ya jawo wa kansa. Haushi yake ji na gaske, don a barandarsa aka zauna aka ci amanarsa, kuma aka kusa raba bakin 'yarsa da abinci. Amma gurnanin ya ƙi barin kunnensa. Ya yi tsaki ya lalubo takalmi.

A bakin gangaren ya ga sabon sawu, babban takalmin aiki mai cinyayyen dunduniya, yatsu sun nutse a ƙasa. Ya ɗaga kai. Bakanike ne ya sa kafaɗa a bayan motar shi kaɗai, yana nishi, tayoyin sun ƙi barin ramin da suka kwana a ciki.

"Kai da aka so a kora saboda shi?"

"Baba, ina kwana. In burodin bai isa ba yara ne za su tafi makaranta ba karin kumallo. Kuma na sa a nemo masa fulogogin, ba za a daɗe ana wannan ba."

Baba Sawu ya jingine sandarsa a bango, ya kama gefen dama, wurinsa na kullum. Suka tura tare. Motar ta motsa, ta gangara, ta yi tari biyu ta kama cikin farin hayaƙi. Mai burodi bai leƙo ta taga ya yi musu ba'a kamar da ba, bai ko ɗaga hannu ba, kansa a sunkuye har ya sha kwana. Baba ya san bencin yamma zai daɗe da gefe ɗaya a wofi, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da bayan da ya fara sara.

Ya dafa ƙugu ya dubi ƙasa. Sawu biyu ne a jere, babban takalmi da mai jan ƙafar hagu. Bakanike ya ɗan rusuna zai wuce.

"Ina za ka? Wanke hannu ka zo mu karya."

Bakanike ya kalli farcensa. "Baba, baƙin nan ba ya fita."

"Na sani," in ji Baba Sawu. "Zo da shi haka."